Akwatin da Ba-Zama Ya Haɗa wa Yaya

A layin masu gyara, tsakanin mai ɗinkin kujerun mota da mai sayar da batir, akwai wani shago da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Mai shagon shi ake kira Ba-Zama. Ba 'yan layin ne suka sa masa sunan ba, daga gida ya zo da abinsa. Yayarsa ce ta laƙaba masa tun yana ɗan shekara shida, lokacin da mahaifiyarsu ta rasu rainonsa ya dawo hannunta, ita kuma tana da goma sha tara. Takan ce ita dai ba ta taɓa ganin ya gama cin abinci a inda ya fara ba. Zai fara a tsakar ɗaki, ya ci gaba a bakin ƙofa, daga ƙarshe a tsinci kwanon a ƙarƙashin gado kusa da wani tsohon agogo da ya farke wa ciki.

Haka ya tashi, haka kuma furfura ta same shi. Ya koyi gyaran agogo, wata biyar ya bari. Ya yi kwandasta a motar haya har ya fara sanin hanya, sai ya ga injin ya fi fasinja ba shi sha'awa. Ya riƙe injin majigi a wani gidan sinima har aka rufe gidan, ya koma gyaran rediyo, daga nan ya shiga haɗa lasifika a ɗakunan taro, da wayar hannu ta zo ya bi ta. Ba kasawa yake yi ba, kowa ya shaida yana da hannu. Matsalarsa ita ce da zarar ya gano yadda abu yake aiki, shi ke nan abin ya fita daga ransa. Kantar da ke bayan shagonsa cike take da irin waɗannan: fankar da ya so ta riƙa tashi idan an tafa hannu, ƙararrawar ƙofa mai murya uku da ta tsaya a biyu, injin ban ruwan fulawa da bai taɓa ganin fulawa ba. Matarsa ta ce in da ana ba da lambar yabo ta fara aiki, da bangon ɗakinsu ya cika. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya gyara sukundireban da ke maƙale a kunnensa, ya ce yana zuwa. Shekara ashirin da takwas tana jin wannan "ina zuwa".

A cikin tarkacen kantar akwai wasu ƙananan kwamfutoci guda uku, kowace ba ta kai tafin hannu ba, ba allo ba murfi, sai ɗan faifai kore da jerin ƙusoshin da ake maƙala waya. Ya samo su ne don kawai ya ga me ke ciki. Mako biyu ya yi yana kallon masu koyarwa a waya, ya sa ɗan ƙwan fitila ya yi ƙyafta-ƙyafta, ya sa maɓalli ya kunna waƙa idan an danna, ya ce ashe abin ke nan, ya jefa su cikin gwangwanin biskit.

Yaya kuwa kayan kicin take sayarwa a kasuwa, tukwane da kwanuka da robobi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya ce, malamar makaranta, wadda kowa ke kira Malama in ban da ita da ke ce mata Uwata. Mace ce da bakinta ba ya shiru. Tana ciniki tana yi wa maƙwabciya nasiha tana ƙwala wa mai kura kira, duk a numfashi ɗaya. Da waya ta zo hannunta ba ta taɓa wahalar da kanta da rubutu ba, sai saƙon murya, minti bakwai, minti goma, wani har da cinikin tukunya a tsakiya. Ba-Zama ya fi kowa samun rabonsa. Yakan saurari farkon, da ya ji ta kama hanya sai ya tsayar, ya rubuta mata "To, Yaya", ya mayar da wayar aljihu.

Wata safiya tana buɗe rumfarta mukulli ya faɗi daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, ba ta taso ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama dama, ta haɗa da harshe. Mako uku ta yi a asibiti, sannan Malama ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta ba ta ɗakin ƙasa mai taga a kan titi. Likitoci sun ce tana jin komai, tana gane komai, maganar ce ba ta samun hanyar fita. In ta yunƙura, abin da ke fitowa bai wuce "ta, ta, ta" ba, sai jijiyar wuyanta ta tashi, idonta ya kawo ruwa don haushi. An ba ta cokali ta riƙa buga kofi in tana son wani abu. An kawo mata kwali mai hotunan kofi da gado da magani don ta riƙa nunawa, ta dube shi sau ɗaya ta wurgar da hannun hagu.

Kullum Ba-Zama sai ya zo, amma zuwan nasa ba ya kai wa ko'ina. Zai yi sallama, ya ce Yaya ya jiki, kafin shirun da ke biyo baya ya yi nisa ya riga ya hango abin gyara. Ya kwance fankar ɗakin ya wanke. Ya canza sakatar taga. Ya ɗaure birkin keken guragu da ba abin da ya same shi. Idan abin taɓawa ya ƙare sai ya tuna ya bar wani a shago. Rannan Malama ta biyo shi har bakin ƙofa, ta ce masa cikin ladabi amma fuska ba walwala, "Kawu, ba fanka ce ba ta da lafiya ba." Bai san yadda zai gaya mata ba cewa shekara arba'in da takwas in yana ɗaki ɗaya da Yaya ita ke magana shi yana neman hanyar zillewa, yanzu da aka bar masa filin ya rasa abin da zai zuba a ciki.

Bayan kwana biyu yana sunkuye a kan wata lasifika, wayarsa ta dannu a aljihu. Sai ga muryar Yaya daga wani tsohon saƙo ta cika shagon, tana tambayarsa ko yana jin ta kuwa, ko ya ajiye ta ne tana ta zuba kamar rediyo. Ƙarfen narka dalma na hannunsa, bai san ya ɗora shi a kan robar teburi ba sai da ƙauri ya tashi. Mai batir ya leƙo da murna yana tambaya ko Yaya ta warke.

Ranar bai ƙara taɓa aikin kowa ba. Ya duba, saƙonninta ɗari huɗu da 'yan kai ne a wayar, na shekara uku, mafi yawansu bai wuce farkonsu ba. Ya sa abin sauraro a kunne ya fara daga na farko. Ba a zaune ya ji su ba, daga bakin shago zuwa ƙarshen layi yake zuwa ya dawo, ya sake komawa, har mai ɗinkin kujeru ya tambaye shi ko wani abu ya ɓace masa. Ya ji labarin tukunyar da aka dawo mata da ita bayan an yi girki a ciki. Ya ji faɗan da ta yi masa a kan rashin zuwa duba jikar maƙwabciya. Ya yi dariya shi kaɗai a tsakiyar titi. A rana ta uku ya iso wani saƙo na wata huɗu kafin ta faɗi. Can wajen minti na shida, bayan dogon zance a kan ruwan da ya jiƙa mata kaya, ta sassauta murya ta ce kanta na yawan sara mata kwanan nan, hannunta na dama kuma yakan yi mata nauyi da safe, ba ta son tayar wa Uwata hankali, in ya samu sarari ya zo ya raka ta ta ga likita. A ƙarƙashin saƙon ga amsarsa nan, kalma biyu.

Ya tsaya cik a gaban shagon mai walda, tartsatsi na zuba kusa da ƙafarsa bai matsa ba. Daga nan ya juya ya koma shago da sauri, ya zazzage gwangwanin biskit a kan teburi.

Abin da ya ƙudura a ransa mai sauƙin faɗi ne: akwati mai maɓallai, kowane maɓalli in an danna, ƙaramar kwamfutar ta sa manhajar sauti ta faɗi kalma ɗaya, da muryar Yaya ta ainihi. Aikin ne ya fi faɗin wuya. Ya kwashe saƙonnin zuwa tsohuwar kwamfutarsa ta teburi, muryar ta bayyana a allo kamar haƙoran zarto, ya shiga yanka. Nan ya gano Yaya ba ta taɓa faɗin kalma ita kaɗai ba, kowace a manne take da ta gabanta da ta bayanta. Kafin ya ciro "ruwa" mai tsabta sai da ya gwada wuri goma sha ɗaya, wani da hon ɗin mota a ciki, wani da ƙarar murfin tukunya. "A'a" kuwa ya samu iri talatin, da na faɗa da na wasa da na ƙin tayi. "Na gode" ya nema har ya gaji, biyu kacal ya samu a shekara uku, ɗaya ma da gatse ta faɗa.

Sai maɓallan suka kawo nasu rikicin. Ya danna sau ɗaya, akwatin ya ce "ruwa-ru-ru-ruwa". Ya canza maɓalli, haka. Ya canza waya, haka. Yini guda yana zagaya teburi yana yi wa faifan faɗa kafin ya gano cewa ƙarfen cikin maɓalli ba ya haɗuwa lokaci ɗaya, yakan yi 'yar rawa da ido ba ya gani, kwamfutar kuma tana lissafa kowace rawa a matsayin danni. Ya rubuta mata umarni cewa in ta ji na farko ta toshe kunne na ɗan ƙiftawar ido. Magana ta daidaita. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, katin ajiyar kwamfutar ya rikice, ya sake komai daga farko, ya haɗa mata batir nata na kanta. Matarsa ta kawo masa abincin rana ta tarar na jiya na nan a rufe a kan lasifika. Ta dube shi ta dubi teburin, ta ce wannan kuma a wace kanta zai ƙare. Da ta ji muryar da ta fito daga cikin wayoyin, sai ta zauna a bakin benci ta riƙe masa fitila.

Kwana goma sha tara ya ɗauka. Ya zuba komai a cikin ƙwanson wata tsohuwar rediyo, ya jera maɓallai goma sha shida, kowane da 'yar takarda: ruwa, abinci, magani, bayi, zafi, sanyi, ciwo, na gode. Ya ɗauka da yamma ya nufi gidan Malama, yana tafe yana ƙara sauri kamar wani zai riga shi.

Ya tarar da Yaya a keke kusa da taga. Ya ɗora mata akwatin a cinya, bai yi wani bayani ba, ya kama yatsanta na hagu ya danna. Muryar ta fito garau, da ƙarfinta na kasuwa: "Ruwa." Malama da ke ninke zani ta saki zanin ta fita da gudu, ana jin kukanta daga kicin. Yaya ta ƙura wa akwatin ido. Shi kuwa ya shiga danna sauran ɗaya bayan ɗaya yana nuna mata, abinci, magani, bayi. A kan "bayi" ta sa gwiwar hannu ta ture akwatin, ya faɗi ƙasa murfin ya yi gefe, ta juya fuskarta ga bango. Ya durƙusa ya tsince maɓallan da suka watse, ya zuba a aljihu, ya fita ba sallama.

A da, nan labarin zai ƙare, akwatin ya hau kanta. Har ya ɗora shi a can, kusa da fankar tafi. Amma ya kasa wucewa ta gabansa. Kwana uku yana sauke shi yana mayarwa.

Likitar gashin ƙashi da ke zuwa wa Yaya sau biyu a mako ita ta ji labari wurin Malama ta aika a kira shi ya zo da akwatin. Mace ce mai sanyin magana, ba ta gaggawar komai, irin mutanen da ke sa ƙafar Ba-Zama ƙaiƙayi. Ta juya akwatin a hannunta ta ce aikin ya yi kyau, sai dai maɓallan sun yi ƙanana ga hannun da bai saba aiki ba, kuma sun yi yawa. Sannan ta tambaye shi wa ya zaɓi kalmomin. Ya ce shi. Ta ce ta ga alama. Ruwa da magani da bayi, ai Malama na gane su tun kafin a nema, macen da ta yi shekara arba'in tana juya kasuwa da baki ba za ta so a dawo mata da muryarta don kawai ta roƙi a kai ta bayi a gaban mutane ba. Ta ce ya zo da duk abin da ya yanka, ya zauna a gaban Yaya ya kunna mata ɗaya-ɗaya, wanda take so ta matse masa hannu.

Ya tambaya ko ba zai yiwu ya bar wa Malama wayar ta yi ba. Likitar ta ce a'a.

Yamma huɗu aka yi ana wannan zaɓe. Yana zaune a kan ɗan kujerar roba, hannunsa na hagu cikin nata, na dama a kan waya, ƙafarsa na ta kaɗawa har kujerar na ƙara. Sau biyu ya miƙe wai zai duba wani abu a waje, ta riƙe hannun ba ta saki ba, ya koma ya zauna. Ya kunna "abinci", shiru. "Sanyi", shiru. "Na gode", ta harare shi. Da ya kunna "A'a" na ƙin tayi, wanda take ja har sai mai saye ya ji kunya, ta matse shi har ya ji a ƙashi. Ta zaɓi "Zo nan". Ta zaɓi "Uwata". Ta zaɓi "Ƙarya ne", wanda shi da wasa ya yanko. Na biyar ba kalma ba ce, dariyarta ce, wadda ta kubce mata a ƙarshen labarin tukunyar da aka dawo da ita.

A yamma ta uku yana neman wani wuri yatsansa ya zame, saƙon nan ya kunnu daidai inda ta sassauta murya. Ya yi wuf zai kashe, ta matse hannunsa. Suka ji shi tare har ƙarshe. Mota ta wuce a titi, labule ya motsa. Ya ce, kansa a ƙasa, "Yaya, ban ji shi ba a lokacin. Ban kai nan ba." Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta saki hannun ba. Can ta ɗaga haɓa ta nuna wayar, alamar a ci gaba. Ya goge fuska da kafaɗa ya kunna na gaba.

Akwati na biyu na katako ne, mai ɗinkin kujeru ya lulluɓe masa gefen da soso don kada ya ci mata cinya. Maɓallai biyar, kowane faɗin murfin kwalba, masu laushin danni. Ya bambanta samansu don ta gane ba sai ta duba ba: ɗaya ya manna masa roba, ɗaya yadi, ɗaya takardar goge katako, ɗaya ya bar shi sumul, na dariya ya sa masa ɗan ƙullutu a tsakiya. Don lokacin da take kwance kuma ya samo wani siririn faifai mai jin nauyi, irin abin da masu gyara ke kira sansa, ya shimfiɗa a ƙarƙashin zanin gado daidai diddigenta na hagu, ya ja waya zuwa ƙaramar lasifika a kicin. In ta danna diddige, a can za a ji "Uwata, zo nan."

Safiyar farko Malama ta yi sintiri sau goma sha ɗaya tsakanin kicin da ɗaki, don ko juyi Yaya ta yi sai faifan ya kira. Ta buga masa waya ta ce Kawu ya zo ya raba ta da wannan abu kafin shayi ya ƙone a wuta, abin da ba a taɓa yi ba. Ya zo a guje, ya gyara umarnin yadda sai an danne an riƙe na daƙiƙa biyu. Da ya ga ya yi, sai tsohon halin ya motsa. Ya maƙala wata sansar mai ganin motsi a saman ƙofa, don duk wanda ya shigo muryar Yaya ta ce masa sannu da zuwa. Ta gaida Malama, ta gaida likita, ta gaida kyanwar maƙwabta, ta gaida labule duk lokacin da iska ta kaɗa. Kwana biyu Yaya ta jure. A na uku yana shigowa, ƙofa ta yi masa sannu, ita kuma ta ɗora yatsa a kan maɓallin roba ta yi ta dannawa, a'a, a'a, a'a, tana kallonsa, har sai da ya hau kujera ya cire. Ya zo da shawarar ƙara maɓalli uku, ya ji a'a. Ya ce to ko fitila mai nuna batir, ya ji a'a. Ya ce ashe da hannunsa ya ƙera abin da za a riƙa yi masa faɗa da shi, sai ta danna mai ƙullutu.

Ranar da akwatin ya yi suna a dangi ita ce ranar da ƙanin marigayi mijinta ya zo dubiya. Mutum ne mai son a ji shi. Ya zauna ya harɗe, ya gaida Malama da Ba-Zama, Yaya kuwa ko kallon kirki bai yi mata ba. Ya shiga bayani cewa irin wannan ciwo ya san shi sarai, mai shi ba ya gane kowa, jiki ne kawai a zaune, shi ma tun bara ya lura da alamun ya kuma ja mata kunne ta rage shiga rana amma ba ta ji ba. Malama ta sunkuyar da kai. Ba-Zama ya miƙe ya fara laluben sakatar taga. Sai aka ji daga cinyar Yaya, da murya mai kaiwa ƙarshen layin kasuwa:

"Ƙarya ne."

Baƙon ya waiga ƙofa, ya waiga taga. Ta bari sai da idonsa ya sauka a kanta, sannan ta sake dannawa, a hankali, tana kallon tsakiyar idonsa. Malama ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Mutumin ya yi 'yan kame-kame, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, wannan karon ita ya gaya wa, da sunan da yake kiranta da shi tun tana amarya. Da zai tafi har ya ɗan rusuna.

Likitar ba ta bar abin haka ba. Tana tsoron kada Yaya ta jingina da akwati ta daina wahalar da harshe, don haka ta kafa doka: kafin a danna sai an gwada da baki. Yaya na bin dokar in likita na nan. Duk da haka, bayan wata takwas "to" ta fito, daga baya "kai", wanda kusan kullum Ba-Zama ake nufi da shi. Ba ta wuce kalma bakwai ko takwas ba, hannun dama kuma bai dawo ba. Rumfar kasuwa wata 'yar ɗakinta ta ci gaba da riƙewa, ranar Asabar akan tura Yaya a keke ta je ta zauna a ciki da akwatinta. Masu saye da suka san ta kan taya tukunya da gangan a wulaƙance don su ji a'ar nan. Maɓallin roba sau biyu yana lalacewa a shekara ɗaya, sauran huɗun ba abin da ya same su.

Shi kuwa Ba-Zama bai zama wani mutum daban ba. Har yanzu in ya zo yakan zagaya ɗakin sau biyu kafin ya samu kujera, kuma in ya yi rabin awa Malama kan ce yau Kawu ya yi kwana. Ya fara haɗa wa mai batir abin da zai riƙa faɗin cajin batir da murya, ya bari a rabi.

Wata ranar Talata likitar ta biyo ta shagon, ta tsaya a bakin ƙofa don ba wurin shiga. Ta ce akwai wani direban babbar mota a asibitinsu, an yi masa aiki a maƙogwaro, murya ta tafi ba dawowa, hannuwansa kuma duka a ɗaure suke tun hatsarin. Ba-Zama ya ce a kawo wayarsa a yanko. Ta ce ai matsalar ke nan, mutumin bai taɓa aika saƙon murya ba a rayuwarsa, kira kawai yake yi ya kashe. An gwada muryar ƙaninsa, ya rufe ido ya ƙi buɗewa, wai ta yi masa siriri.

Ba-Zama ya ajiye wayar da yake gyara, mai ita na tsaye yana jira. Ya tambayi inda direban ke lodi. Kafin la'asar yana tashar manyan motoci, ya tara direbobi biyar a bayan wata tirela inda ƙarar inji ta yi sauƙi, yana sa kowa ya faɗi "a'a" da "zo nan" da "ya hanya" a bakin waya, suna ture juna suna gardamar wanda muryarsa ta fi kama da ta abokinsu. Washegari ya kai asibiti ya kunna wa mai jinya ɗaya-ɗaya. Mutumin ya wuce huɗu bai motsa ba. A na biyar ya ɗaga gira, gefen bakinsa ya ɗan ja. Matarsa ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah, ai mai wannan muryar shekara goma ba sa ga-maciji da mijinta, a kan wurin ajiye mota.

Ba-Zama bai tsaya jin ƙarshen labarin ba. Yana kallon yadda haɓar direban ke taɓa ƙirjinsa in ya sunkuyar da kai, yana auna tazarar da yatsa biyu. Ya tambayi ma'aikaciyar jinya ko za a yarda a ɗaura wani abu mai laushi a wuyan rigar, ta ce sai ta tambayi babban likita, ya jira. Ya ce to. Ya zauna a bencin baranda, ya tashi, ya karanta takardar da ke manne a bango, ya leƙa ta taga, ya ciro biro ya fara zana maɓallin haɓa a bayan hannunsa.